JIRGIN DA KE JIKIN BANGO: Tarihin hotunan tallar tashar Manchesta da rabon kakanninmu a cikinsu



Waɗanda suka halarci taronmu na watan jiya sun san 'yar gardamar da ta tashi a kan wani hoto. Wani saurayi cikin 'ya'yanmu ya sayo kwafin tsohon hoton talla na tashar jiragen ruwa ta Manchesta, irin waɗanda aka buga tsakanin manyan yaƙe-yaƙe biyu, ya sa shi cikin gilashi, ya kawo don a rataye a ɗakin taro. Hoton kuwa ba laifi, yana da kyau. Ga ƙaton jirgi baƙi ƙirin ya cika takarda, ga bututun hayaƙi, ga kireni a tsaye, launi uku ko huɗu kurum. Wani dattijonmu ya daɗe yana dubansa, kāna ya ce, "Ɗana, jirgi na gani, ƙarfe na gani. Ina mutanen da suka cika shi da kaya?" Yaron ya russuna ya ce, "Baba, ai talla ce, ba tarihi ba." Daga nan magana ta rabu biyu, wasu suka ce a rataye, wasu suka ce a mayar. Da aka ga dare zai yi, sai aka ɗage zancen, aka ɗora mana nauyin mu bincika asalin waɗannan hotuna mu kawo wa jama'a. To, ga abin da muka samo.

GARIN DA BA SHI DA TEKU

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Manchesta ba a bakin teku take ba. Amma tun shekarar 1842, sa'ad da aka ba garin tambarinsa, aka zana jirgin ruwa a jiki, alhali kuwa babu babban jirgin da ya taɓa isa can. Watau hoton jirgi ya riga jirgin kansa zuwa da shekara hamsin da 'yan kai.

A zamanin nan duk audugar da masaƙun Lankasha ke saƙawa a Libaful ake sauke ta, haka kuma yadin da suka saƙa ta nan yake fita. Masu tashar Libaful suna karɓar kuɗin fito, kamfanonin jirgin ƙasa suna karɓar nasu, har attajiran Manchesta suka riƙa kukan cewa wani lokaci ya fi musu sauƙi su sauke kaya a Hull, can gabas, da su sauke a Libaful da ke kusa da su. Wanda ya taɓa fatauci ya san zafin wannan, gama kakanninmu ma sun biya kuɗin fito a mashigai da yawa tsakanin Kano da Salaga.

Ran 27 ga Yuni 1882 wani mai masana'anta, Daniel Adamson, ya tara manyan gari a gidansa da ke Didsbury, suka ƙulla shawarar su haƙa wa teku hanya ta zo ƙofar gidansu. Libaful da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi ta hamayya a Majalisa, amma a 1885 doka ta fito. Aka fara haƙa a watan Nuwamba 1887 bisa tsarin injiniya Edward Leader Williams. Leburori sun kai 17,000 a lokacin da aiki ya fi zafi, wajen 130 kuma suka rasa rayukansu. Kuɗi suka ƙare a tsakiyar aiki, sai da hukumar gari ta ba da rance na fam miliyan 5. Da aka gama, aikin ya ci wajen fam miliyan 15. Tsawon wannan haƙaƙƙen kogi mil 36 ne, daga Eastham zuwa Salford, da ƙofofin ruwa a wuri biyar masu ɗaga jirgi sannu sannu har wajen ƙafa 60. Jirage suka fara shiga ran 1 ga Janairu 1894, Sarauniya Bitoriya kuma ta zo ta buɗe shi ran 21 ga Mayu na shekarar.

ABIN DA YA KAWO TALLA

Haƙa rijiya daban, samun masu ɗiba daban. Masu jirage sun saba da Libaful, ba su ga dalilin da zai sa su ɓata yini suna jan jiki cikin siririn ruwa ba. Don haka aka kafa unguwar masana'antu ta Trafford Park a 1896 a bakin ruwan, aka kafa kamfanin jirage na Manchester Liners a 1898, aka ƙara babban matsayin jirage na 9 a 1905. Sannu a hankali garin da ba shi da teku ya zama na uku cikin tasoshin Ingila wajen yawan kaya.

Amma bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 kasuwa ta juya. A 1913 Ingila ta fitar da yadin auduga wajen yadi miliyan dubu 7, ba ta kuma sake kai wannan adadi ba. Indiya ta shiga saƙa nata, Japan ta shiga sayarwa da araha. Mai kayan da ke tafiya ba ya kururuwa a kasuwa, wanda nasa suka kwanta shi ke ɗaga murya. Saboda haka in mun ga hoton nan cike da ƙarfi da alfahari, mu sani a zamanin fargaba aka zana shi.

A 1926 kamfanin Manchester Ship Canal ya ɗauki wani ɗan jarida, Kenneth Brady, wanda ya yi aiki a jaridar Manchester Guardian, ya ba shi riƙon sashen talla. A watan Oktoba na wannan shekara garin ya yi bukin mako guda na nuna kansa ga duniya. A 1927 aka gama sabon ofishin tasha a Trafford Road, farin gini mai miƙaƙƙun layuka, wanda Harry Fairhurst ya tsara. Daga nan har zuwa 1939 kamfanin ya yi ta fitar da hotunan bango, da ƙananan littattafai, da tallace-tallacen jarida, da jerin ranakun tashin jirage mai ado a bango. Saƙon kuwa ɗaya ne: kawo kayanka har tsakiyar ƙasa, inda masu saye suka fi yawa, ka huta da kuɗin jirgin ƙasa. Wani malamin Jami'ar Manchesta, Dokta Martin Dodge, ya tattara da yawa daga cikin waɗannan takardu aka nuna su a babban ɗakin karatu na garin.

YADDA AKA ZANA SU, DA DALILI

Tallar dā cike take da rubutu da ƙawa, sai mutum ya tsaya ya karanta. Sabon salon nan, wanda Turawa suka kira na zamani, ya zubar da duk wannan. Dalilansa uku ne.

Na ɗaya, mai kallo ba a tsaye yake ba. Yana cikin taragu ko bas, ƙiftawa da bisimilla ya wuce. Dole hoto ya faɗi magana guda da babbar murya. Na biyu, yadda ake bugawa. Kowane launi da nasa faifan dutse ko na ƙarfe, takarda kuma sai ta bi ta cikin inji sau ɗaya domin kowane launi. Ƙarancin launi, ƙarancin kuɗi. Sai masu zane suka mai da wannan takura ta zama ado, suna shimfiɗa launi fal ba inuwa, kamar yadda badukun Kano ke yanka jar fata da koriya su jera a jikin alabe. Na uku, zamanin ne na ƙaunar inji. Masu zane a Faransa da Italiya da Jamus da Rasha sun fara kallon duniya kamar an gina ta da da'ira da kusurwa da miƙaƙƙen layi, jirgin ruwa da kireni kuwa sun dace da wannan kallo ƙwarai.

A Ingila, wanda ya buɗe wa salon ƙofa shi ne Frank Pick na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Shi ya sa Edward Johnston ya tsara haruffa marasa ƙafa a 1916, irin waɗanda ake hangowa daga nesa, shi kuma ya ba wani Ba'amurke, Edward McKnight Kauffer, aikin fosta tun 1915. A 1928 haruffan Gill Sans suka fito suka cika ƙasar. A Faransa kuma Cassandre ya zana jirgin Normandie a 1935, ana kallon goshinsa daga ƙasa kamar dutsen Dala, da 'yan tsuntsaye mitsi-mitsi a gindinsa. Wannan dabara ta mai da jirgi ƙato, mai kallo ƙanƙane, ita ce muka gani a hoton da ɗanmu ya kawo. Ku lura, tambayar Baba tana da amsa a cikin salon kansa: in ana so inji ya yi girma, sai a rage mutum ko a cire shi.

INDA AKA ZANA MU

Akwai kuma hotunan da aka sa mutanenmu a ciki. A watan Mayu 1926 gwamnati ta kafa wata hukuma, Empire Marketing Board, don ta koya wa matan gida na Ingila sayen kayan ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinta. Ministan da ya kafa ta, Leo Amery, wakilin Sparkbrook ne a Majalisa, watau ɗan siyasar wannan gari namu na Birmingham. Frank Pick ɗin nan shi aka ba shugabancin kwamitin fosta. Kafin a rushe hukumar a 1933 ta fitar da zane wajen 800, ana manna su biyar-biyar a jikin allunan katako da aka kakkafa a ɗaruruwan garuruwa, ana kuma aika ƙanana zuwa makarantu.

Kauffer ya zana musu hoton koko da na ayaba, da wani mai cewa kurmin yau shi ne ma'adinin zinariyar gobe, tare da lissafin kayan da Ingila ke sayar wa ƙasashen Afirka. Wani mai zane kuma, Gerald Spencer Pryse, aka tura shi ya zaga Nijeriya da Gwalkwas. Hotunansa da suka fito a 1928 sun nuna masu tsinkar koko, da masu tsintar ma'adinin manganis, da masu kiɗan tambura, da sarakuna a zaman shawara, da sabuwar tashar Takoradi, wadda aka fara a zamanin Gwamna Guggisberg aka buɗe a watan Afrilu 1928. Nasa zanen ya fi kusa da kamannin mutane, amma har wa yau ba suna, ba gari, ba lada. An nuna hannu da baya da ƙwanji, ba a nuna sikeli ba, balle farashin da aka biya.

Gidan zane na Manchester Art Gallery yana da fiye da 200 na waɗannan fostoci, an ba shi su a 1935. Duk mai hali ya nemi ganinsu, gama gani ya kori ji.

ABIN DA KE CIKIN JIRGIN

Ciniki tsakanin Manchesta da ƙasar Hausa ya girmi haƙaƙƙen kogin nan. Sa'ad da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarad da akoko da yadi mai zane na Manchesta a kasuwa, raƙuma sun ƙetaro da su Sahara daga Tarabulus. Amma a lokacin Kano ta fi sayar da tufafi bisa ga saye. Barth ya ƙiyasta abin da take fitarwa na saƙi da rini a kan wuri miliyan 300 a shekara.

Jirgin ruwa da jirgin ƙasa su suka juya fuskar ciniki daga arewa zuwa kudu. A 1902 aka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association a Manchesta, shugabanta Sir Alfred Jones, mai kamfanin jirage na Elder Dempster. Burinsu ƙasar Hausa ta zama gonar audugar Lankasha, don su rage dogara ga Amurka. Suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da wasu garuruwa. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe ta ga ciniki har Ikko. To, nan lissafin Turawa ya kuskure. Masaƙan Kano suna biyan auduga fiye da abin da kamfani ke bayarwa, manomi kuma ya duba ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta ƙi ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, a 1913 ta haura tan 19,000. Jirgin da aka gina domin auduga sai ya zama na gyaɗa.

Waɗanda suka iya haɗa wannan ciniki fataken goro ne, mutanen hanyar Gwanja, watau namu. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya zauna a Ankara, yana cikin na farko da suka ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon ayarin jakuna na watanni. Ya koma Kano, a 1918 ya zama mai saye wa kamfanin Neja gyaɗa, da sunansa kuma ake tunawa da dalar gyaɗa. Ya rasu a 1955. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku, zongo-zongo suka cika, Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a Ankara. Da koko ya bunƙasa, har Gwalkwas ta zama ta ɗaya a duniya a 1911, mutanen arewa ne da yawa suka yi dakonsa, suka gangara da gangunansa zuwa bakin ruwa.

Gaskiya dai a faɗe ta: yawancin gyaɗa da fata da ƙirgi da koko na ƙasashenmu a Libaful da wasu tasoshi aka sauke su, ba a Salford ba. Abin da Manchesta ta riƙe shi ne ɗaya gefen cinikin, wato yadi, da ofisoshin kamfanoni irin su Paterson Zochonis da G. B. Ollivant, waɗanda iyayenmu suka san kantunansu. Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929, farashin gyaɗa da na koko suka zube, haraji kuwa bai ragu daidai da su ba. A 1934 aka sa wa yadin Japan mai araha iyaka a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, don a kare masaƙun Lankasha. Manoman koko suka ƙi sayarwa a 1937 zuwa 1938, suka kuma ƙaurace wa kayan kanti. Duk wannan ya faru ne a shekarun da ake buga kyawawan hotunan nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

LAMBAR DA KE JIKIN BANDIR

Akwai wani zanen Manchesta da ya fi fosta shiga gidajenmu, shi ne 'yar takarda mai launi da ake mannawa a jikin bandir ɗin yadi. Kowane kamfani da nasa lambobi, ana yi musu rajista, har bayan dokar 1875 sai da aka buɗe ofishi na musamman a Manchesta domin lambobin yadin auduga kaɗai, saboda yawansu. Dalili kuwa, mai saye a Kurmi ko a Kumasi ba ya karanta Turanci, amma ya san hoto, da hoton yake kiran kayan, in ya ga an sake lamba sai ya yi zargin an rage auki. Kauffer da kansa ya yi shekaru yana zana irin waɗannan lambobi wa kamfanin Steinthal na Manchesta, domin kasuwar Kudancin Amurka.

Nan kuwa ikon yana hannun mai saye. Zanen atamfar da matan kasuwa suka ƙi, ya mutu, ko wane gwani ya zana shi. Masana'antar ABC ta Hyde, kusa da Manchesta, ta yi shekaru da dama tana buga atamfa tana sauraron abin da iyayenmu mata ke so, kafin aikin ya koma Akosombo a Gana. Saboda haka Hajiyoyinmu da ke da tsofaffin turame a ƙasan adaka, su sani takardun tarihi suke ajiye da su.

RABON BIRMINGHAM

Wani zai ce, mu da ke Perry Barr ina ruwanmu da tashar Manchesta? Tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu tun 1837 take, a kan hanyar da ta fara haɗa Birmingham da Libaful da Manchesta. Haƙaƙƙen kogin Tame Valley mai ƙofofi 13, wanda muke wucewa kullum, an buɗe shi a 1844 domin kayan masana'antu. Kamfanin Cadbury na Bournville ya fara sayen kokon Gwalkwas a 1908. A Castle Bromwich kuma aka riƙa yin babbar kasuwar baje kolin British Industries Fair daga 1920, wadda gwanin fosta Tom Purvis ya zana wa talla.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne kuɗi. Kobo mai huji da anini, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, da yawansu a garin nan aka buga su. Wanda ke da ɗaya ya duba da kyau. In ya ga ƙaramin harafin H, gidan buga kuɗi na Heaton ne a Birmingham. In ya ga KN, na King's Norton ne, wanda aikinsa daga baya ya koma Witton, nan maƙwabtanmu. Ana ba da labari cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, Ɗantata ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ashe kuɗin da aka biya kakanninmu ladan gyaɗa da dako sun riga mu sanin hanyar wannan unguwa.

WAƊANDA BA A ZANA BA

A ƙarƙashin bututun hayaƙin nan na hoto akwai ɗakin wuta, inda ake zuba wa inji kwal dare da rana. A jiragen Elder Dempster yawancin masu wannan aiki 'yan Afirka ta Yamma ne, Kuru da mutanen Saliyo da Nijeriya da Gwalkwas, ladansu kuma bai kai na Turawa ba. Wasunsu suka sauka suka zauna a Libaful, da Greengate da Ordsall a Salford, daga baya Moss Side. A watan Yuni 1919 aka far wa baƙaƙen fata a Libaful, aka kashe wani matuƙi ɗan Bamuda, Charles Wotten, a bakin tasha. A 1925 aka yi doka mai tilasta wa ma'aikatan jirgi baƙaƙe da ba su da takardar shaida su yi rajista wurin 'yan sanda a matsayin baƙi, ko da talakawan Sarkin Ingila ne. Ba da daɗewa ba bayan wannan aka fara manna hotunan da ke cewa daula gida ɗaya ce.

Amma a garin nan dai na Manchesta, a watan Oktoba 1945, aka yi babban taron 'yan Afirka na biyar a zauren Chorlton-on-Medlock, su Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Dokta Du Bois suna ciki. Da Gana ta sami mulkin kai a 1957 ta kafa kamfanin jiragenta, Black Star Line, ta zana tauraronta a bututu. Nijeriya ta kafa nata a 1959. A 1957 kuma masaƙar Kaduna ta fara aiki, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha. Su ma sun gane cewa alama a jikin jirgi magana ce.

ƘARSHEN TASHA

Kayan da suka bi ta haƙaƙƙen kogin sun kai ƙololuwa a 1958, wajen tan miliyan 18. Daga nan jirage suka yi girman da ƙofofin ruwan ba su iya ɗaukarsu, kwantena kuma ta zo ta kashe aikin dako. Aka rufe tashar Salford a 1982. Jirgin Aureol, wanda ya fara zirga-zirga a 1951, wanda kuma ya kawo wasu daga cikin iyayenmu daga Ikko da Takoradi, ya daina a 1974. Sunan Elder Dempster ya ɓace daga teku a 1989, kamfanin jiragen Nijeriya ya rushe a 1995, masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002. Inda kireni ke tsaye dā, an gina gidan wasa na Lowry a 2000, BBC kuma ta tare a 2011. Jirgi ya tafi, masaƙa ta tafi, takarda ce ta rage, ana sayar da ita don ado.

SHAWARARMU

Wannan shi ya sa maganar ba ƙarama ba ce. Jikokinmu da aka haifa a nan ba za su ga dalar gyaɗa ba, ba za su ji ƙahon jirgi a Takoradi ba. Abin da za su gani shi ne abin da aka rataye musu. In hoton nan kaɗai suka gani, za su ɗauka ƙarfe ne ya gina arzikin garuruwan nan, mu kuwa baƙi ne da muka zo jiya muka tarar an gama. In kuma muka ɓoye shi, mun hana su ganin yadda gwanaye ke sarrafa launi da layi su shawo kan zuciya, alhali cikin 'ya'yanmu akwai masu koyon wannan sana'a.

Saboda haka muna ganin ɗanmu ya yi daidai da ya ce hoton yana da kyau, Baba kuma ya yi daidai da ya ce bai cika ba. Shawararmu ita ce a rataye shi, amma kada a bar shi shi kaɗai. A gefensa a sa abin da muke da shi: kobo mai huji, da lambar bandir, da ƙyallen tsohuwar atamfa, da tikitin jirgi ko littafin aikin jirgi na wanda mahaifinsa ya bari, da hoton tsohon da kansa in iyalinsa sun yarda. A ƙarƙashin kowane abu a rubuta suna da gari da shekara, da Hausa da Turanci, da ajami ma in an sami mai hannu. Samarinmu masu zane kuma muna roƙonsu su ɗauki wannan salo na launi uku da miƙaƙƙen layi, su zana mana ɗaya gefen jirgin, inda ake loda kaya.

Duk wanda ke da irin waɗannan kaya ya zo da su taro mai zuwa. Ba za a karɓe wa kowa nasa ba, za a ɗauki hoto ne a mayar masa. Dattawanmu maza da mata kuma muna roƙo su ba yara lokaci su zauna su rubuta abin da suka ji daga bakin iyayensu, tun ana tare. Waiwaye adon tafiya ne.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya. Iyakar abin da ya samu ke nan, sai mun haɗu a taro.